Inna a Bayan A-kori-kura

Surukata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba tun ranar da aka ɗaura mini aure da 'yarta. In na je gaishe ta a Argungu, daga bakin ƙofar ɗaki nake durƙusawa in sunkuyar da kai, ita kuma tana daga ciki ta juya fuska wajen bango. In ce, "Inna, an kwana lafiya?" ta amsa can ƙasa-ƙasa, shi ke nan an gama. In akwai wata magana bayan gaisuwa sai a nemo wanda zai tsaya tsakani, ta faɗa masa ya faɗa mini, alhali kuwa ina jin ta sarai. Haka muka tashi muka tarar ana yi tsakanin suruki da suruka, ban kuma taɓa ganin aibinsa ba. Ni ma da na ji motsinta za ta fito tsakar gida nake neman takalmana.

Lokacin muna ƙarƙashin jihar Sakkwato, ina aikin malamin gona a Birnin Kebbi, muna zaune gidan haya a unguwar Nasarawa. Matata ta yi haihuwa ta uku, haihuwar kuma ta zo mata da wuya. Gwaggonta da ta saba zuwa yi mata wankan jego ta rasu a daminar da ta wuce, don haka dangi suka ce babu makawa Inna ce za ta zo. Ni aka ɗora wa ɗauko ta, tunda ina da mota. Motar ma dai a-kori-kura ce, tsohuwar Fijo da na saya gwanjo, gidan gaba na direba da mutum ɗaya, baya a buɗe kamar faranti. Da zan fita matata tana kwance ta ja mini kunne. Ta ce in tuna Inna tana da ciwon ƙirji, sanyi kaɗan in ya taɓa ta sai numfashinta ya riƙa fito, kada in yarda iska ta buge ta a hanya. Na yi mata dariya na ce wane sanyi kuma a tsakiyar bazara, kwalta ma narkewa take yi. Akwai tamfol da nake rufe kaya da shi, amma an yi rumfa da shi a inda ake dafa ruwan wanka, sai na bar shi.

Na isa Argungu da hantsi, na tarar babu kowa a gidan sai yara. Manya duk suna fadama ana cirar albasa, har Inna. Wan matata, wanda nake kira Yaya, shi ke riƙe da gonar, ya kuwa gan ni ya ce Allah ne ya kawo hannu. Na cire babbar riga na rataye a reshe na shiga aiki. Maza na cira muna tarawa, mata na zaune gefe suna yanke ganye, Inna a tsakiyarsu da 'yar wuƙarta, hannunta ya fi na kowa sauri. Zafin ranar nan har yau ina tuna shi. Iska ta tsaya cak, ganye ɗaya ba ya motsi, gumi na shiga ido haɗe da yajin albasa. Da azahar muka gangara bakin gulbi muka yi alwala, muka tsoma ƙafa a ruwa, aka kawo mana gasasshen kifi da fura. A nan kuma na sayi ragon suna a wajen wani maƙwabcin gonar. Sama fes take, ko ɗigon gajimare babu.

Na so mu kama hanya tun da azahar ɗin. Na gaya wa Yaya, ya je ya gaya wa Inna, ya dawo ya ce ta ce ba ta tashi sai ta ga ƙarshen tulin da ke gabanta. Ni mutum ne mai gajen haƙuri, kowa a ofis ya san ni da wannan, amma wa zan yi wa faɗa? Na haɗiye na koma cira. Sai bayan la'asar aka gama, aka je gida ta yi wanka ta ɗaure kayanta.

Wajen shiga mota aka sake wata. Yaya ya buɗe mata ƙofar gaba, ta tsaya nesa ta ce masa a'a, ita ba ta zama kafaɗa da kafaɗa da mijin ɗiyarta, duniya ta ce me? Jikarta da aka shirya za ta raka ta, wadda da ita ce za ta zauna tsakaninmu, ƙyanda ta fito mata kwana biyu kafin nan. Yaya ya lallashe ta ya gaji, ya dube ni ya ɗaga kafaɗa. Ni kuwa a raina daɗi na ji, don tun safe nake tunanin yadda zan yi tafiyar nan da ita a gefena ban san inda zan ajiye idona ba. Muka jera buhunan albasa da Yaya ya ba ni a gefe da gefe, muka shimfiɗa mata tabarma a tsakiya, ta jingina da bayan gidan gaba. Aka ɗaure ragon a can ƙarshe. Ta hau, ta ja mayafinta, muka yi sallama.

Hanyar ba baƙuwata ba ce, ina iya gaya maka inda kowane rami yake. Ina tafe a hankali saboda tsohuwa, ina leƙen ta lokaci-lokaci ta ɗan gilashin da ke bayan kaina, ba na ganin komai sai ƙullin ɗankwalinta. Mun wuce Alwasa da ɗan nisa na lura hasken rana ya canja. Na duba madubi na ga gabas ta haɗe, baƙi ƙirin, gindinsa kuma wani irin kore-kore da ban taɓa gani a hadari ba. Na ce a raina hadarin bazara ne, yawanci iska ce da tsawa, ya yi kurarinsa ya watse. Ban rufe baki ba wata iska ta shigo ta taga ta taɓa mini wuya, sanyinta kamar an buɗe randa. Nan take maganar matata ta dawo mini.

Na fara lissafi. In juya Alwasa, hadarin ta can yake tahowa. In taka mota in kai Ambursa, ramuka za su wujijjiga tsohuwa a kan ƙarfe. Tsakanin nan da can kuwa babu gida babu bukka, sai gonaki da aka share ana jiran shuka. Gaba kura baya sayaki. Na zaɓi Ambursa, na ƙara wuta, ina jin buhuna na tsalle a baya, ina cewa a yi haƙuri kamar tana ji na.

Sai na ji ƙwal a kan rufin mota. Na ɗauka tsakuwa ce taya ta watso. Aka sake, aka sake, sai wani abu fari ya daki murfin inji ya yi tsalle ya faɗa titi. Ƙanƙara. Na san ƙanƙara mana, muna yara mukan fita da ƙoƙo mu tsinci 'yan ƙanana kamar magarya mu tsotsa. Wannan ba irinta ba ce. Ta fara kamar goro, kafin in kai ƙafa birki wasu sun kai ƙwan zabo. Ƙarar a cikin mota ta toshe mini kunne, kamar maƙera sun taru a kaina. Gilashin gaba ya yi tas, ya tsage daga sama har ƙasa. Duk wannan ni da rufin ƙarfe a kaina. Ita fa?

Na gangara gefe na tsaya, na buɗe ƙofa na fita. Ta farko ta same ni a kafaɗa har sai da na durƙusa. Na dafe kai na zagaya baya. Abin da na gani ya ƙara tayar mini da hankali. Ragon ya firgita ya tsinke ƙullin da aka yi masa, yana neman dirowa, Inna ta rarrafa ta kama igiyar da hannu biyu ta naɗe a wuyan hannunta. Mayafin iska ta tafi da shi. Kanta babu komai sai ɗankwali, ƙanƙara na sauka a gadon bayanta, tana ƙudundune tana salati.

Na tsaya a gefen mota, na sunkuyar da kai kamar yadda na saba, na ɗaga murya don ƙara ta yi yawa, na ce a yi wa Allah a shigo gaba. Ba ta juyo ba. Ta yi magana tana fuskantar ragon.

"A ce ma mai mota shi tahi, nan ya ishe ni."

A ce masa! Wa zai ce? Daga ni sai ita sai rago a tsakiyar daji. Na ƙwace igiyar daga can ƙarshenta na ɗaure dabbar tamau a jikin ƙarfe, yatsuna har sun fara ƙin lanƙwasuwa. Na dawo na sake roƙo. Na ce to ita ta shiga gaba ita kaɗai ta rufe ƙofa, ni zan shige ƙarƙashin mota in jira abin ya wuce, ba za mu zauna tare ba. Ta ce a gaya wa mai mota ba ta fitar da mutum daga abinsa, ƙanƙara ai ba ta daɗewa, yanzu za ta wuce. Na jawo wani buhu da babu komai a ciki na miƙa mata ta rufe kai, ta ƙi karɓa daga hannuna, sai da na ajiye a kan tabarma sannan ta ja. Buhun algarara kuwa me zai tare? Ruwa ya haɗu da ƙanƙarar yanzu, yana zuba a karkace, ita kuma ta jiƙe sharkaf, zanenta ya manne mata a jiki.

Ina tsaye ina ta a yi haƙuri, a taimaka, a dubi Allah, sai wata ta sauko ta same ta a goshi. Na ji ƙarar da kunnena. Kanta ya yi baya, ta dafe wurin, jini ya biyo tsakanin yatsunta ruwa na wanke shi. Ta buɗe baki za ta ja numfashi, sai na ji fiton nan da matata ta faɗa, siriri, daga can cikin ƙirji.

Daga nan ban san lokacin da zuciya ta ɗebe ni ba. Na taka taya na haye bayan motar, na tsaya a kanta, na daka mata tsawa irin wadda nake yi wa leburori.

"Inna, tashi ki shiga mota! In kinka mutu nan, mi za ni ce ma ɗiyakki?"

Ta ɗago ta dube ni. Shekarun nan duka ban taɓa ganin fuskarta sosai ba sai ranar. Ashe idonta na hagu wata farar yana ta rufe shi, ban sani ba. Leɓenta ya yi toka-toka yana rawa. Ba ta motsa ba, ban sani ba ko ƙi ta yi ko ƙafafun ne suka ƙi. Na ce bismillahi, na sa hannu ɗaya a bayanta ɗaya ƙarƙashin gwiwoyinta na ɗaga ta. Ba ta kai nauyin rabin buhun albasa ba. Na sauko da ita da ƙyar ina zamewa, na tura ta kujerar gaba na rufe ƙofa. Na zagaya na shiga, ina sane da abin da na yi.

Bayan kujera akwai buzun da nake salla a kai, shi kaɗai ne busasshe a motar. Na lulluɓa mata shi, na yage gefen rigata ta ciki na ajiye mata a cinya saboda goshin. Ta ɗauka ta danna, ta juya fuska ga taga, ta matse jikin ƙofa kamar za ta fita ta cikinta. Na murɗa makulli, inji ya yi tari ya mutu. Na sake, ya sake mutuwa. Na zage motar nan zagin da ban taɓa yi wa wani abu ba, a cikin raina, don baki ba ya buɗuwa a gabanta. Da ƙyar ya kama.

Ƙanƙarar ta fara sauƙi, ruwa ne ya rage, amma da na dubi gaba sai na ga wata sabuwa. Babu titi. Ko'ina fari fat, kwalta da gefen hanya da gonaki duk sun zama abu ɗaya, kamar an shanya auduga. Ga wani tururi yana tashi daga ƙasa saboda zafin da kwalta ta sha da rana, ya tsaya daidai tsayin mota. Gilashi a tsage, waifar share gilashi ɗaya ta karye ta rataye, numfashinmu ya rufe sauran daga ciki. Na kunna fitila ba ta ƙara mini komai ba. Na sauke gilashin gefena na fitar da kai, ruwa na marina, ina neman bakin hanya da ido ɗaya. Sai kuma na tuna iskar da nake shigo mata da ita. In rufe ba na gani, in buɗe sanyi na shiga ƙirjinta. Na bar shi rabi.

Ban taɓa tuƙi a kan abu irin wannan ba, babu kuma wanda ya taɓa koya mini. Na saki kuloci motar ta ja, na taɓa birki kaɗan sai bayanta ya kwashe ya yi gefe, sitiyari ya zama kamar ba a haɗe yake da komai ba. Muka tafi a karkace har tayar baya ta leƙa gangare, sannan ta tsaya. Na ji Inna ta ce innalillahi. Daga nan ban ƙara taɓa birki ba, na bar ta a giya ta ɗaya tana rarrafe, ƙanƙara na fashewa ƙarƙashin tayoyi. Mutum mai sauri a ƙasa zai iya wuce mu.

Duk tafiyar kunnena na kanta. Haƙoranta na haɗuwa, fiton na fita, yana shiga, yana fita. Tun ina jin tsoron fiton har na koma ina jiran sa, don muddin ina jin sa tana nan. Na shiga yi mata magana ina kallon gaba. Na ce an kusa. Na ce jaririyar tana da gashi sosai, mata sun ce da ita take kama. Na ce 'yarta tun jiya take tambaya ko an tafi ɗauko Inna. Surutu dai nake yi barkatai, ni da ban taɓa haɗa jimla biyu a gabanta ba.

Muka shiga Ambursa. Na sa rai zan tsaya a nan in nemi gida da wuta, amma garin kansa a hargitse yake. Kwanukan rufi a kan titi, wata bishiya ta faɗo ta danne shago, mutane na gudu da yara a kafaɗa, wasu na korar awaki. Ɗan ɗakin shan maganin garin a kulle. Na tsaya na yi tunani. Wuta zan samu a nan, amma maganin ƙirji fa? A gida kuwa akwai wutar jego da ba ta mutuwa, ga maƙwabciyarmu, wata nas 'yar Filato da muke katanga ɗaya da su, wadda ta karɓi haihuwar ma da hannunta. Na ce gara in ƙarasa. Har yau ban sani ba ko daidai na yi, na dai taka mota.

Bayan Ambursa farin ya fara raguwa, kwalta ta fara leƙowa, na samu na shiga giya ta biyu. Na ɗan ji sanyi a raina. Sai kusa da Zauro, inda hanya ke gangarawa wajen wata kwalbati, na tarar ruwa ya hau titi yana gudu daga hagu zuwa dama, ja wur, ɗauke da karare da guntayen ƙanƙara. Babu mota a gaba da zan ga yadda ta yi, babu a baya. Na ja birkin hannu na fita na shiga da ƙafa don in san zurfinsa. Sanyinsa ya soke ni har cikin ƙashi. Ya kawo mini gwiwa a tsakiya, yana jan ƙafata, amma na ji kwalta na nan ba ta ɓalle ba. In ruwa ya shiga inji a tsakiya, mun zauna ke nan. In na jira ya janye, rana na faɗuwa, tsohuwa na jiƙe.

Na dawo na zauna, na rufe ƙofa, sai na ji shiru. Fiton ya tsaya.

Na kira ta. Na ce Inna. Na sake kira. Kanta na jingine da gilashi, tsumman ya faɗo daga hannunta, buzun ya zame. Na miƙa hannu na kama wuyan hannunta, sanyi ƙalau kamar tulu. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ba ta janye ba. Matar da ta ƙi karɓar buhu daga hannuna, ga shi na riƙe ta ta bar ni. Na kasa gane ko jijiyarta ce ke bugawa ko yatsuna ne ke rawa. Na kai kunne kusa da fuskarta, na ji wani ɗan numfashi, gajere, da nisa tsakani. Na gyara mata buzun na danna shi ta bayan kafaɗarta.

Ban ƙara wani lissafi ba. Na sa giya ta ɗaya, na ba ta wuta sosai ina riƙe da kuloci rabi, na shiga ruwan. Ya daki gefen mota, na ji ta ɗan ɗaga, ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa ya rufe mana ƙafa. Ragon na ta kuka a baya. Inji ya fara tari a tsakiya, na ce ya Allah ba don ni ba. Ta yi kamar za ta mutu, ta sake kamawa, tayoyin gaba suka taka tudu. Muka fita tana hayaƙi tana zubar da ruwa.

Abin haushi, muna wuce Gwadangaji sai ga titi a bushe. Yayyafi kawai aka yi musu, wanda ko ƙasa bai jiƙa ba. Mutane na zaune a kan benci suna shan iska, masu tsire na hura wuta, ana kallon motata da fasasshen gilashi kamar na fito daga wata duniya. Wani ma ya ɗaga mini hannu yana tambaya ko hatsari muka yi. Na danna ham na wuce, da na tsaya da na gaya masa baƙar magana. Ana kiran magariba na shigo unguwa, na kai motar har bakin zaure kamar zan shige da ita.

Na faɗa cikin gida ina kiran matata, na buga katanga ina kiran nas. Matata ta fito dafe da bango, ita da ko tsakar gida ba ta gama iya takawa ba. Nas ta iso, su biyu suka buɗe ƙofar gaban motar. Matata ta ga uwarta a kujerar, ta ga buzuna a jikinta, ta dube ni sau ɗaya. Suka kinkime ta suka yi ciki. Na bi su har ƙofar ɗaki, ƙafata ta tsaya da kanta a inda ta saba tsayawa.

Daga nan sai abin da na jiyo. Nas ta ce kada a kwara mata ruwan zafi gaba ɗaya, a cire jiƙaƙƙun kaya, a surka ruwan a riƙa gasa mata a hankali, a kawo garwashi ɗakin. A garinsu sanyi ba baƙo ba ne, ta san abinsa. Ta aika aka ɗauko jakarta ta yi mata allura, ta ɗaure goshin. Ruwan da aka dafa don mai jego, da ganyen darbejiyarsa da komai, shi aka juye wa wadda ta zo yin wankan. Matata ce ta durƙusa tana gasa wa uwarta ƙafafu tana kuka, jaririya na kuka a gado babu mai ɗauka. Da nas za ta tafi na tare ta a zaure na tambaye ta. Ta ce ita dai ta yi abin da ta iya, in aka wayi gari numfashin bai daidaita ba sai asibiti, in yi addu'a.

Yadda na kwana ba sai na faɗa ba. Da na dawo masallaci da asuba na zauna a zaure, daga ɗakin babu tari babu motsi. Matata ba ta fito ba. Na kasa aikawa a tambaya don ina tsoron amsar. Na je na ba ragon dusa, na dawo na zauna, na tashi na duba gilashin mota, na dawo na zauna. Rana ta fito, matan unguwa da dangi suka fara shigowa barka, labari ya riga ya zagaya. Suna wuce ni da gaisuwa suna shiga ciki, ina kallon fuskar duk wadda ta fito ko zan karanci wani abu.

Can sai na ji wata tsohuwa daga cikin danginsu tana salati, tana tambaya yadda aka yi mutum ya rayu a bayan buɗaɗɗiyar mota cikin wannan masifa. Sai wata murya ta amsa, a dushe, tana tsayawa tana jan numfashi, amma babu fito a ciki.

"Baya niz zo, ni da rago, har ƙohwar gida. Yaron ga ya yi ya yi in shiga gaba, nic ce a'a. Shi ko mai kunya na, bai ƙara ba."

Matata na cikin ɗakin, nas ma na ciki ta zo duba ta, babu wadda ta ƙaryata ta. Mata suka ɗauki sannu, ana Allah ya kiyaye gaba, ana yaba mini. Ni kuwa ina zaure ina jin komai. Tunda har ta samu ƙarfin shirya wannan magana, na san ta tashi. Na kifa kai a gwiwa na yi kuka sosai, ina toshe baki kada masu shigowa su ji.

Jim kaɗan matata ta leƙo zauren da kwanon kunu, idanunta jajir. Ta ajiye a gabana ta ce itacen da ke gidan ba zai kai yamma ba, yanzu ruwan mutum biyu za a riƙa dafawa. Na sha kunun, na tashi na tafi neman itace.